Yadda Aka Kafa Garin Ɗanɗana

A zamanin da, tun kafin jirgi mai inji, an yi wani maharbin dorina, Gwadabe. Kirarinsa shi ne: Gwadabe dodon gulbi, ko kada yana ba ka hanya. Shi ya ja gida talatin na masunta suka bi kogi kudu, wata biyar cur, har inda kogin ya shiga teku.

Al'adarsu ce in za a kafa gari, a zo da kifin gida da ransa cikin randa, a sake shi a sabon ruwa. In ya rayu, an zauna. In ya mutu, sai a watse. Randa huɗu suka kawo, tarwaɗa da karfasa.

Rani ne, kogi ya janye, teku ta turo ruwanta ciki. Gwadabe bai san haka ba, don shi duk ruwa ruwa ne. Ya juye randa uku a wani tafki mai faɗi.

Kafin kwana biyu kifin duk ya taso, ciki sama. Jikinsu ya yamutse, idanu sun faɗa, wani yauƙi fari na bin su. Ƙudaje suka yi baƙi a gaɓa. Wari kuwa, kakata ta ce ko ungulu sai da ta yi jim. Yaran da suka kurɓi ruwan suka kama zawo, ƙishi na ƙaruwa.

Mutane suka ce wurin da mugun abu, suka soma ɗaure kaya. Sai yayar Gwadabe, Tambai, ta lura da ƙaguwa da wasu ƙazaman kifaye masu fitattun idanu, suna rarrafe cikin taɓo, lafiyarsu lau. Ta ɗebo ruwan, ta taɓa da harshe, ta tofar.

"Ƙanena, gishiri ne. Wannan ruwan da masu shi, ba namu ba ne."

Gwadabe ya sa randar ƙarshe a jirgi, suka koma sama. Kowace lanƙwasa ta kogi sai Tambai ta ɗanɗana ta tofar, har leɓenta ya tsage. A lanƙwasa ta tara ta haɗiye. Nan ya saki kifi bakwai da suka rage, duka suka rayu.

Garin ke nan da ake kira Ɗanɗana. Har yau, da rani ya shiga, babu uwar da ke miƙa wa ɗanta moɗa sai ta fara kai ta bakinta.