Ƙashin da Ya Haɗe a Karkace

Akwai wani manomi mai 'ya 'yar shekara shida. Wata rana ta faɗo daga kan jaki, hannunta na dama ya karye a ƙasan gwiwa. Maɗori ya ɗora, ya ɗaure da karare, bayan wata biyu ciwo ya tafi. Manomin kuwa mutum ne mai son a ji labarinsa. Ran Lahadi ya ja akuya har majami'a don baikon godiya, ya miƙe gaban jama'a ya ba da shaida cewa 'yarsa ta warke sarai. Aka yi ta tafi da guɗa.

Amma gwiwar hannun ta ƙi lanƙwasuwa. Yarinyar ba ta iya kai loma baki, sai ta koma ci da hagu, ana ta tsawata mata.

Uwarta ta ce, "Maigida, hannun nan fa ba daidai yake ba."

Ya ce, "Ni da na faɗa wa ikilisiya duka ta warke? Ki ɗinka mata riga mai dogon hannu."

Sai da shekara ta zagayo, matar ta dame shi, sannan suka je asibiti. Likita ya duba hoton ƙashi ya ce, "Baba, ranar da ta karye, gwiwar ma ta goce, ba a lura ba. Ƙashin ya haɗe a karkace, shi ya hana ta komawa wurinta. Sai mun sake yanke shi mun miƙe shi. In yarinyar ta ƙara girma a haka, gyara zai yi wuya."

Manomin ya ce, "Wurin da ya warke za ku karya?"

Likita ya ce, "Ya dai daina ciwo."

Kunya ta kama manomin, amma tausayin 'yarsa ya fi ƙarfi. Ya yarda. Aka yi aikin, yarinyar ta sha wuya, kafin kaka kuwa tana cin tuwo da dama.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Karayar ita ce faɗan da kuka yi da ɗan'uwanka a kan iyakar gona. Dattawa suka zaunar da ku, kuka sha hannu, kuka ce ya wuce. Hayaniya ta kwanta, amma har yau in ka hango shi a kasuwa sai ka sake hanya. Ubangiji ba ya taɓa tsohon rauni don mugunta, gyara yake yi, kuma ya iya. Ka je ka ta da maganar, ko da za ta yi zafi. 'Ya'yanku suna girma, sun riga sun fara ƙin gaisawa.