Yadda Aka Kafa Tudun Sa-Ido

Ga ta nan, ga ta nanku, yara!
Ta zo mu ji ta, kaka!

Wani manomi ne, Nomau. Mutumin nan ko gaishe shi ka yi, sai ya laluba aljihunsa. A bara ya ware damman gero na iri ya zuba a rumbu, su kaɗai ya dogara da su in damina ta faɗi.

Ran nan sai ga Gizo. Ya ce, "Nomau, na ga maƙwabciyarka Tabawa tana kallon rumbunka."

Nomau ya ce, "Dama ban yarda da tsohuwar nan ba!"

Gizo ya ce, "Mu kwashe zuwa bayan gari. Ni in ɗauka in yi gaba, kai ka riƙa waiwaye, kar a biyo mu."

Suka tafi. Nomau na ta waiwaye, Gizo na zare zangarniya yana cusawa a ciyawa, matarsa Ƙoƙi na tsincewa.

Aka kwana biyu, Gizo ya ce, "Na ga sawun Tabawa." Suka kwashe zuwa gindin tudu, Nomau na waiwaye. Aka jima, Gizo ya ce, "Na ji tarin Tabawa." Suka hau can ƙololuwa, Nomau na waiwaye har wuyansa ya ƙage.

Ruwan shuka ya sauka. Nomau ya kwance dami, ba zangarniya, sai kara. Ya kwance wani, kara. Gizo kuwa ko ƙurarsa. Nomau ya zauna ya rasa abin da ke masa daɗi. Ni kaina ya ba ni tausayi, duk da halinsa.

Kunya ta hana shi sauka. Sai ga Tabawa ta hawo tana haki, da ƙwaryar iri a ka.

Nomau ya ce, "Iya, me kike nufi da wannan?"

Ta ce, "Shuka nake nufi, ɗan nan. Amma wanda ya ba Gizo dako, ban yarda da shi ba. Nan zan kafa bukka in sa maka ido."

Mutanen gari suka ce, "Me waɗannan biyun suka gano a sama?" Suka hawo su sa musu ido, kowa ya gina rumbunsa inda zai hangi na wani. Shi ya sa ake kiran ƙauyen Tudun Sa-Ido.

Mai zargin kowa, yara, ɓarawon gaske yake ɗora wa kayansa.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ku tashi haka nan!