Jan Fenti a Bangon Tartsatsi

Akwai wani mai walda a layinmu da muke kira Tartsatsi saboda saurin fushinsa. Shagonsa a gaba, ɗaki biyu a baya: shi da matarsa da yara huɗu, sai mahaifiyarsa da ƙafa ta daina ɗauka.

Wata Litinin ma'aikatan tsara gari suka shafa wa bangonsa jan fenti. Za a faɗaɗa titi, ya kwashe kayansa cikin sati uku.

Ya je ofis a nuna masa inda aka rubuta haka. Aka ce oga ya fita. Washegari aka ce, "Takardun gwamnati ne, ba a gani."

Sai ya ji a rediyo cewa doka ta ba kowa damar neman bayanan hukuma a rubuce. Ya nufo ni, don duk layin an san alƙalamina, ko da yake tun aji uku na yi wa makaranta sallama.

"Rubuta! Mai bulon nan na kusa da ni, shi ya sa aka karkato titin kaina. A ba ni fayil ɗin filinsa, da takardun gadonsa, da sunan duk wanda ya kira a waya!"

Na rubuta shafi uku, har da ƙari.

Bayan kwana goma amsa ta zo: ba za a bayar ba, sirrin wani ne.

Matarsa ta fara ɗaure kwanuka a zani. Tsohuwa ta ce, "Ni ku bar ni a ciki, katafilar ta haɗa da ni."

Tartsatsi ya koma ofis, ya zauna daɓas a ƙasa gaban dattijuwar da ke karɓar wasiƙu.

"Inna, ki rufa min asiri. Ina zan kai gurguwa?"

"Kai ne mai shafi uku? Ai mun sha dariya."

Hassada ce kawai, amma mu wuce.

Ta ce, "Ɗana, dokar ba ta buɗe maka ɗakin maƙwabci ba. Aikin da hukuma ta yi da sunan jama'a, shi ne naka. Nemi taswirar titin da aka sa wa hannu. Layi biyu. In buga hatimi, ka riƙe kwafi."

Na rubuta masa layi biyun, ya kai. Saura kwana biyu wa'adi ya cika taswirar ta fito. Ya ɗauko tef ɗin awonsa, ya rasa mai riƙe masa ɗaya bakin. Mai bulo ne ya fito ya riƙe.

Ashe daga tsakiyar titi ake awon, mai fenti kuwa daga bakin kwata ya fara. Suka kai wa injiniyan hukumar sakamakon awon, ya yarda an yi kuskure.

Katafila ta zo ta ɗauke rumfar shagon, ta bar ɗakunan. Katangar mai bulo kuwa duka ta tafi, don ita da gaske a kan titi take.

Darasi: Takardar aikin jama'a haƙƙinka ce, ka nema a rubuce, kada a kore ka da "ba a gani". Sirrin maƙwabci kuwa ba ya ciki, zargi kwanakinka kawai zai ci. Ku tura wa 'yan uwa tun fenti bai zo layinsu ba.