Sunan da Sarki Ranau Bai Taɓa Faɗa Ba

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, tun aljanu ba su daina cin kasuwa ɗaya da mutane ba, an yi wani sarki a ƙasar Gwandaro mai suna Ranau, wanda Allah ya ba shi dukiya da kwarjini da mayaƙa, amma 'ya ɗaya tak ya ba shi, Gimbiya Lantana. Da yake ita ce 'yar fari, kunya ta hana bakinsa furta sunanta tun ranar suna, kamar yadda iyaye da kakanni suka yi. In yana son ganinta sai ya ce, "A kira mini yarinyar nan," in ta zo kuma ya kau da kai kamar bai damu ba, alhali ita ce ransa.

Ana nan, wata rana gimbiya ta je bakin kogi, sai Karkazau sarkin aljanun ruwa ya sace ta. Aka kira babban bokan ƙasar, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, tana Birnin Murjani, can bakin teku. Kowace shekara mutanen birnin suna bikin rakiyar aljanu, su zaga gari da su, rana na faɗuwa aljanun su shige teku da duk wanda suka sato. Tana cikin ayarin bana, an shafe mata tunani. Ba abin da zai karya sihirin sai uban da ya haife ta ya je shi kaɗai, ya kira ta da sunanta na yanka."

Sarki kuwa ya ce a ransa, in dai muryar uba ake so, ai kowane irin kira ya isa.

Ya ratsa dazuzzuka da duwatsu, ya isa birnin ranar bikin da hantsi. Abin da ya gani ya fi ƙarfin baki: dodanni na kara da tsumma masu tsayin rimi suna rausaya a titi, jiragen ruwa a kan ƙafafun itace ana jan su da igiya, mata a saman soraye suna watsa furanni da ruwan turare, ganguna kuwa har ƙasa tana rawa. Kowa da nasa, kowa na dariya cikin harshen da sarki bai ji ko kalma ɗaya ba. Wata tsohuwa ta rataya masa furanni a wuya, kafin ya gode mata taro ya haɗiye ta. Mutumin da in ya yi atishawa gari ke amsawa, yau ana taka masa ƙafa babu ko sannu. Bai taɓa jin kaɗaici irin na wannan rana ba.

Can da la'asar ya hango ta zaune a kan jirgin Karkazau, idonta buɗe amma ba ta ganin kowa. Ya ɗaga murya ya ce, "Ke yarinya!" Ko motsi. Ya ce, "Ke 'yar gidana, ni ne!" Jirgi ya wuce abinsa.

Ya bi su da gudu, rawaninsa ya warware, takalminsa ya salwanta, yana ta kiraye-kirayen da ba su da amfani. Babu wanda ya san shi a garin balle ya yi masa gori, amma sunan ya tsaya masa a maƙogwaro kamar ƙayar kifi. Rana ta yi ja, jirgi ya taɓa ruwa ya fara nutsewa, ruwan ya kai gwiwar gimbiya, ya kai ƙirjinta.

Sai sarki ya faɗa cikin teku da rigarsa, ya kwarara ihu, "Lantana! Lantana!"

Nan take ganguna suka tsaya, aljanu suka narke kamar gishiri, gimbiya ta waiwayo ta miƙo masa hannu.

Suka koma Gwandaro lafiya, ƙasa ta zauna, daga baya aka ɗaura wa gimbiya aure da Yarima Zarto na ƙasar Kurmin Baure, wanda ta zaɓa da kanta, aka yi shagalin da ba a taɓa ganin irinsa ba. Amma har sarki ya tsufa, in ya keɓe shi kaɗai sai hawaye su zubo masa, don tuna abin da ta faɗa masa a cikin ruwan nan, tana riƙe da hannunsa: "Baba, ashe ka san sunana?"