Kunkuru da Tsuntsaye Masu Duba Tafki

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina. Ku ce ta zo mu ji ta.

A zamanin da, Allah Ya jiƙan mazan jiya, dabbobin dawa a tafki ɗaya suke sha, babba yana jiran ƙarami ya ƙoshi. Sai Ubangiji Ya jarrabe su da fari, tafkin ya koma laka. Ƙaura ta zama dole, amma ƙananansu ba su da ƙarfin tafiya biyu. In aka nufi busasshen wuri, sun hallaka.

Sai tsoho Kunkuru, mai riƙon rumbun jama'a, ya tara tsuntsaye. Ya ce su dubo tafkunan nesa, duk wanda ya kawo labari yana da tafin gero.

Sai Hankaka ya yini a kan tsamiya, ya dawo ya ce gabas ruwa har wuya. Barewa ta je gani, ba ko ɗigo, ta komo harshe a waje.

Sai Kunkuru ya ce sai wanda ya rantse za a ba. Kowa ya rantse, wa'iyazu billahi. Barewa ta sake zuwa, da ƙyar ta kawo kanta.

A karo na uku sai ya riƙa kiransu ɗai-ɗai bayan rumbu. Ya tura tsuntsu biyu zuwa kowane tafki, ba wanda ya san abokin aikinsa. Ya ce su faɗi zurfin ruwan da itacen da ke bakinsa. In maganar biyun ta dace, su ci gero. In ta saɓa, duka su rasa.

Hankaka ya ce, "Baba, in ka haɗa ni da maƙaryaci fa?"

Kunkuru ya ce, "Ɗana, shi ma fargabarsa ke nan, kada a haɗa shi da kai."

Sai Hankaka ya shiga tunani. In ya ƙaga marke, wataƙila wancan ya ce gawo. Ba inda bakinsu zai haɗu sai a kan abin da yake can. Sai ya yi tsaki, ya buɗe fiffike, ya tafi.

Da la'asar maganarsa ta zo daidai da ta Kurciya: arewa, gindin kanya, ruwa iya gwiwa. Aka yi ƙaura, ko ɗan zomo ba a rasa ba.

To, wanda ya raba aiki ga jama'a, kada ya tsaya ga wa'azi kaɗai. Ya tsara shi yadda ko malalaci zai ga abincinsa yana cikin faɗin gaskiya.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya. Allah Ya yi muku albarka.