Fadamar Bayan Gidan Mai Daddawa

Akwai wata mace a wani ƙauye na gefen tudu, sunanta Keziya, sana'arta daddawa. Wurin uwarta ta gaji sana'ar, ta gaji tukwanen, ta gaji gidan ma bayan uwar ta rasu. Duk wanda ya san aikin daddawa ya san yadda yake cin ruwa: a dafa kalwa yini guda, a surfa ta da toka, a wanke, a sake wankewa. Ruwan da ke fita baƙi ne wuluk, warinsa kuwa yakan riga mutum shiga gida.

Wannan ruwa yakan bi kwata ya fita bayan gida, ya faɗa cikin wata 'yar fadama mai duhun ciyawa: ga jema, ga kacalla, ga gwaza mai faffaɗan ganye. A nan Keziya ta yi wasan ƙuruciya. Ita da ƙannenta sukan tsinki ganyen gwaza su kifa a ka in ana yayyafi, uwarsu kuwa tana gefe tana yankan jema don saƙar faifai, tana rera waƙar sujada a hankali. Daga can ƙasa da fadamar sai gidan Gwaggo Kande, aminiyar uwarta, da 'yar rijiyarta marar zurfi wadda ba ta taɓa ƙafewa ba.

Da gidan ya zama nata, Keziya ta dubi fadamar ta ce a ranta, “Mama ta yi fama da aiki, shi ya sa ta bar wurin nan ya zama daji. Ni kam zan gyara.” Ta sa lauje da fartanya, ta sare, ta tumɓuke, ta ƙone. Ta ja wa ruwan hanya miƙaƙƙiya don ya wuce da sauri. Wuri ya yi fes.

Gwaggo Kande ta leƙo ta kan danga ta ce, “'Yar nan, ciyawar da kika cire ta girme ki fa.”

Keziya ta yi dariya. “Gwaggo, ai shi ya sa ta gaji, na sallame ta ta huta.”

Ba a yi wata uku ba, ruwan rijiyar Gwaggo ya soma wari. Awakinta suka sunsuna suka juya. Tsohuwa ta koma ɗaukar tulu zuwa rafi, tafiya mai nisa, ga ciwon gwiwa. Labari ya kai wa ɗanta a birni, ya aiko cewa da zarar an gama girbi zai zo ya ɗauke ta, ba za ta ƙara zama inda babu ruwa ba.

Maganar ta soki Keziya ƙwarai. Duk ƙauyen, Gwaggo kaɗai ta rage wadda ta san uwarta tun tana amarya, ita kaɗai ke iya kwaikwayon dariyarta. In ta tafi, wa kuma za ta zauna da shi su tuna?

Sai ta ce bari ta haƙa rami a inda fadamar take a dā, ta tare ruwan. Sara na uku, fartanya ta ce ƙwal. Ta tona, sai ga duwatsu a jere, manya kusa da bakin kwata. Ta matsa gaba, ga tsakuwa. Ta ƙara matsawa, ga yashin rafi a shimfiɗe, an yi masa gefe da yumɓu. Hawa uku, kowanne ya ɗan fi na gabansa tudu. Babu ruwan saman da zai jera duwatsu haka.

Ta kira, “Gwaggo! Zo ki ga wani abu!”

Tsohuwa ta dogara sanda ta zo, ta daɗe tana kallo. Sa'an nan ta nuna wani dutse da kan sandar. “Wannan ni na ɗauko shi daga rafi, da tsohon ciki. Rani guda muka yi muna jido, ni da uwarki. Ita ta ce, ‘Kande, ba zan aiko miki da dauɗata ɗanya ba. Sai ta kwana a wurina tukuna.’”

“To don me ba ki faɗa mini ba?”

“Kin tambaya? Na ga kina shara kamar za a kawo amarya.”

Keziya ta zauna a kan duwatsun ta yi kuka. Ashe abin da ta ɗauka sakaci ne, ƙauna ce aka gina aka rufe da ciyawa.

Kashegari ta toshe miƙaƙƙiyar hanyar. Ta bi fadamu ta samo saiwar jema da kacalla da 'ya'yan gwaza, ta dasa. Aka yashe rijiyar. Amma saiwa ba ta jin gaggawa. Mako ya wuce, wata ya wuce, ruwa yana nan da warinsa. Keziya ta rage dahuwar kalwa, kullum da safe ita ke kai wa Gwaggo tulu biyu daga rafi. Damina ta sauka, ciyawa ta kama, ta yi duhu. Ruwan daddawa ya shiga yana tafiyar hawainiya, ya bar dattinsa a duwatsu, ya tace a yashi, saiwoyi suka sha abin da ya rage.

Bayan girbi ɗan ya iso. Ya ce, “Iya, a ɗaure kaya.” Gwaggo ta miƙe. Ta ja shi bakin rijiya, ta sa shi ya jefa guga da hannunsa. Ya jawo, ya duba, ya sunsuna, ya sake sunsunawa, bai ji wari ba.

Ta ce, “To, gaida mini jikokina. Ina nan.”

Sa'an nan ta juya wajen danga. “Keziya! Ki ɗebo mini saiwar jemar nan. Ni ma akwai mutane a ƙasa da ni.”

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Baƙin ruwan nan shi ne abin da rayuwa ke zuba mana kowace rana: gajiya, zagin kasuwa, maganar da ta ɓata mana rai. Ba wanda zai yi aiki a duniya bai fitar da irin wannan ruwa ba. Rijiyar Gwaggo kuwa ita ce zuciyar wanda ke kusa da mu, mata ko miji, 'ya'ya, maƙwabci. Fadamar ita ce wurin da muke tsayar da ɓacin rai a gaban Ubangiji kafin mu buɗe baki: addu'a, karatun Maganarsa, yin shiru na ɗan lokaci.

Abin sha'awa, masu ilimin ruwa a yau suna gina irin wannan fadama da gangan, da tsakuwa da yashi da ciyayi, su tace ruwan unguwa guda ba tare da inji ba. Ko a bayan ɗakin girkin ikkilisiya matasa za su iya gwadawa. Sharaɗinta dai shi ne kada a hanzarta ruwan. In ya wuce da gudu, yadda ya shiga haka zai fita.

Mu masu tasowa muna saurin sa lauje. Mukan ga addu'ar safe ta iyayenmu, da jinkirinsu wajen mayar da magana, mu ce tsohon yayi ne. Kafin ka sare, tona ka ga abin da ke ƙasa, ka tambayi tsofaffi tun suna nan. A makon nan kuma, in wani ya zuba maka baƙar magana, kada ka kai ta gida ɗanya. Tsayar da ita a gaban Ubangiji har ta kwanta, domin akwai mai sha a ƙasa da kai.