Ƙwayoyin Malam Dabo

Akwai wani matashi a Illela mai suna Abdulaziz, yana da shagon sayar da wayoyi kusa da tasha. Ya yi difloma a Sakkwato, yana jin Turanci daidai gwargwado, kuma duk abin da ya karanta a waya da safe, kafin azahar ya zama malami a kansa.

Mahaifinsa, Malam Dabo, dattijo ne mai ciwon suga, yana noman albasa a Kalmalo. Ya yi shekaru yana shan wata ƙwaya safe da yamma, wadda ake kira metfomin. Da ita da kiyaye abinci yake zaune lafiya, har yana zuwa gonarsa da kansa.

Wata shekara bayan damina aka yi wani tari mai zazzaɓi da ya bi gida-gida. A gidansu kowa ya kwanta, har Abdulaziz da matarsa Shafa'atu. Malam Dabo kaɗai ko atishawa bai yi ba.

Yana kwance Abdulaziz ya ci karo da wani labari a waya. Wasu likitoci a ƙasar waje sun gwada ƙwayar nan ta masu suga a kan masu korona, sun ga alamar tana ɗan taimakawa. A ƙasan labarin an yi dogon bayani cewa gwaji ne, a hannun likita ake yinsa, kuma ba kowane tari ne korona ba. Abdulaziz bai kai ƙasan ba, don ya riga ya gane.

Da ya ji sauƙi sai ya tura saƙon murya a guruf ɗin unguwa:

"Jama'a, Turawa sun gano abin da munka gani da idonmu. Maganin suga shi na maganin wanga tari. Ku dibi Baba, shi kaɗai ya tsira gidanmu. Wanda bai samu kemis ba shi taho gida, Baba shina da shi."

Saƙon ya yi tafiya. An ce har Konni, can ƙetaren iyaka, an saurare shi, ba tare da ya tsaya a boda ba. Cikin 'yan kwanaki ƙwayar ta ƙare a kemis ɗin unguwa, sai mutane suka tuna ƙarshen saƙon.

Na farko da ya yi sallama a zaure Lawwali ne, maƙwabcinsu mahauci. Ya durƙusa, ya gaishe da Malam Dabo gaisuwa mai tsawo, har da tambayar albasa, sannan ya ce, "Malam, uwar ɗiyana ce tari ya hana ma barci. Dokta ya ce in zaka wurinka."

"Wane Dokta?"

"Abdulaziz mana."

Malam Dabo ya sa hannu a aljihu, ya ɓalle ƙwaya biyu ya miƙa masa.

Bayan Lawwali wasu suka biyo. Babu wanda ya nemi da yawa. Wannan biyu, wancan huɗu, wata tsohuwa ta aiko a ba ta ko guda ce. A Illela ba a hana maƙwabci gishiri, balle magani, kuma kowa ya ɗauka shi kaɗai ya roƙa.

Mutane suka yi ta warkewa. Tarin nan dama in ya yi kwanakinsa tafiya yake, da ƙwaya ko babu, amma tari ba shi da bakin da zai faɗi haka. Godiya ta koma shagon waya. Sunan Dokta ya zauna, Abdulaziz kuma bai taɓa gyara wa kowa ba.

Shafa'atu ce ta fara lura. Wata rana da ya dawo daga kasuwa ta ce, "Maigida, ka duba Baba. Ruwa ba ya kwana a tulunai, kuma na ga kiyashi sun taru inda ya kama ruwa. Safa kuma ya daina cire ta, duk zahin nan."

"Tsuhwa ne. Ko kin zama likita?"

"A'a. Likita guda ya ishi gida."

Ba ta ƙara ba. Suruka ba ta ce wa surukinta ya cire safa ta gani, wanda yake da ikon faɗa kuma yana da jama'a suna jiransa a shago.

Abin da safar ta rufe ƙaramin abu ne da farko. Ƙaya ce ta soke shi a gona, a tafin ƙafa. Ga mai lafiya abin kwana uku ne. Ga mai sugan da ya bar magani, ciwon ya yi ta cin nama a hankali, shi kuma ba ya ma jin zafinsa sosai.

Ranar wata Talata ya sunkuya ruku'u a sallar la'asar, ya kasa ɗagowa. Lawwali na cikin waɗanda suka ɗauko shi. Da aka cire safar a asibitin gari, ma'aikaciyar jinya ta dubi ƙafar, ta dubi Abdulaziz, ta ce su wuce Sakkwato yau, kada su kwana.

A can likita ya tambaya, "Baba, yaushe rabonka da maganinka?"

"Tun kahin a dasa albasa."

Abdulaziz ya ce, "A'a likita, shina sha. Kullum shina sha."

Likitan bai yi gardama da shi ba. Ya ce ƙafar ta riga ta mutu, in ba a cire ta ba za ta tafi da mai ita. Washegari aka yanke ta daga ƙasan gwiwa.

Da dattijon ya farfaɗo, Abdulaziz ya zauna a bakin gado, ya ce, "Baba, don mi ba ka hana su ba? Ko ka yarda tana maganin tarin?"

"Ni? Ban san abin da taka yi ma tari ba. Na dai san abin da taka yi min."

"To mi ya sa ka ba su?"

Malam Dabo ya juya fuskarsa wajen bango.

"Kai ka ce su taho. Mutum ya durƙusa gabana ya ce ɗana ya aiko shi. Da wane baki zan ce mishi ɗana bai san abin da yaka hwaɗi ba?"

"Da sai ka gaya min ta ƙare."

"Na ga kana jin daɗin sunan."

Gonar Kalmalo wani aka ba aro a shekarar. Malam Dabo bai sake taka ta ba. Yanzu yana zaune a zaure, yana shan ƙwayarsa safe da yamma a kan lokaci, ɗansa ne ke miƙa masa da ruwa.

Darasi: Labarin da ka karanta rabinsa, kada ka aika mutane da shi ƙofar wani. Maganin da likita ya rubuta wa mutum nasa ne shi kaɗai, kada ka roƙa, kada kuma ka yi kyauta da shi a madadinsa, domin iyayenmu sun gwammace su cutu da su kunyata mu. A tura wa 'yan'uwa, amma don Allah a karanta har ƙasa kafin a tura.